Takardar Da Ke Riga Ka Shiga Ofis: Yadda Ake Rubuta CV, Har Da Na Aikin Lafiya

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da ke shirin jarrabawar WAEC da NECO, akwai wata takarda da ba a koyar da ita a matsayin darasi a aji, amma kusan kowannenmu zai buƙace ta nan da 'yan shekaru. Ita ce takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. Duk lokacin da wata ma'aikata, asibiti ko ƙungiya ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, ita ce abu na farko da ake cewa a kawo. Mai ɗaukar aiki bai san ka ba, bai san gidanku ba, bai taɓa jin muryarka ba. Takardar nan ce ke isa teburinsa kafin kai. Idan ta gamsar da shi sai a kira ka ganawa. Idan ba ta gamsar ba, ta tafi cikin tarin da ba a sake dubawa, ko da kuwa ka fi sauran masu neman iya aikin.

Mece Ce CV?

Haruffan biyu sun fito ne daga wasu kalmomin Latin da ke nufin tafarkin da rayuwar mutum ta bi. A taƙaice, takarda ce da ke bayyana wane ne kai, me ka karanta, a ina, yaushe, wane aiki ka taɓa yi, kuma me ka iya. A Amurka sun fi amfani da gajeriyarta, mai shafi 1 ko 2, kuma ba sa saka hoto, shekarun haihuwa ko batun aure, saboda dokokinsu na hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki. A nan Najeriya kuwa an saba saka ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, musamman a aikin gwamnati, inda ake la'akari da rabon gurabe tsakanin jihohi. Wannan ya sa bai kamata ka kwafo samfurin da ka gani a intanet ido rufe ba. Ka fara sanin wa za ka aika wa.

A Najeriya ana rubuta takardar da Turanci, a Jamhuriyar Nijar kuma da Faransanci. Misalan da za mu kawo a nan da Hausa suke domin a gane manufa, daga baya sai ka zauna da malamin Turanci ku juya su.

Me Ya Kawo Maganar Tun Muna Makaranta?

Wani zai ce, ni da ko sakamakon jarrabawa ban samu ba, ina ni ina CV? Amsar ita ce, abin da za a rubuta a cikinta yanzu ake tara shi. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Ɗalibin da ya riƙe muƙami a makaranta, ya shiga ƙungiya, ya koyi kwamfuta a lokacin hutu, ya kuma adana shaidar kowanne, zai zauna ya cika shafi guda ba tare da wahala ba. Wanda bai yi ko ɗaya ba zai ga farar takarda tana kallonsa, daga nan ne kuma wasu ke faɗawa ƙarya.

Abu na biyu ya fi wannan gaggawa: sunanka. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN mai lambobi 11, kafin a yi rajistar jarrabawarta. Idan a takardar haihuwarka an rubuta sunanka da wani salo, a NIN da wani, a rajistar WAEC kuma da wani daban, to ka ɗaura wa kanka wahala. Bambancin harafi ɗaya, kamar Muhammad da Mohammed, ko sauya jerin suna na farko da na mahaifi, yana iya tsayar da mutum a wurin tantance takardu har sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa. Haka ma ranar haihuwa. Kafin ka sa hannu a fom ɗin rajistar jarrabawa, ka ɗauko sauran takardunka ka gwada su harafi bayan harafi.

Sassan Takardar

Na farko, suna da hanyar samun ka. Ka rubuta cikakken sunanka a sama da manyan haruffa, kamar yadda yake a takardun shaidarka. Ƙarƙashinsa sai adireshi, lambar waya da adireshin imel. Lambar ta zama taka ce, wadda ke kunne. Kada ka ba da lambar yayanka da ke wani gari, domin idan aka kira sau ɗaya ko biyu ba a same ka ba, na bayanka za a kira. Adireshin imel kuma ya ƙunshi sunanka na gaskiya. Laƙabin da abokai ke kiran ka da shi a filin ƙwallo ko a Facebook ba wurinsa ba ne nan.

Na biyu, taƙaitaccen gabatarwa, layi 2 ko 3. A nan ne mutane da yawa ke ɓata wuri da maganganun da kowa ke rubutawa, irin su "ni mutum ne mai ƙwazo da gaskiya, mai son ci gaban ma'aikata". Mai karantawa ya ga wannan jimlar sau ɗari a ranar. Abin da ya fi shi ne a faɗi takamaiman abu, misali: "Ma'aikaciyar lafiyar al'umma mai lasisi, na yi aikin koyon sana'a a sashen awon ciki da na rigakafin yara, ina jin Hausa, Fulatanci da Turanci." Cikin jimla ɗaya an san matsayinta, inda ta taɓa aiki, da mutanen da za ta iya yi wa magana.

Na uku, karatu. Ana farawa da na baya-bayan nan a gangaro zuwa na farko. A kowane layi a saka sunan makaranta, garin da take, shaidar da aka samu da shekarun shiga da fita. Ga wanda sakandare kawai ya gama, yana da kyau ya nuna darussan da ya samu kiredit, wato daga A1 zuwa C6. Wanda ya riga ya yi digiri ba ya buƙatar jera makinsa na sakandare ɗaya bayan ɗaya, sai idan an nema.

Na huɗu, aikin da aka taɓa yi. Shi ma daga na ƙarshe ake farawa. A faɗi wurin, muƙamin, lokacin farawa da na gamawa, sannan abin da aka yi a layuka gajeru. Kowane layi ya fara da aikatau: na shirya, na koyar, na riƙe, na ƙirga, na jagoranta. Inda akwai adadi na gaskiya a saka shi. "Na taimaka a shago" ba ta nuna komai. "Na riƙe littafin ciniki na shagon kayan masarufi tsawon wata 8, ina rufe lissafi kowace yamma" ta nuna riƙon amana da iya lissafi, ba tare da ka yabi kanka ba. Waɗanda suka yi hidimar ƙasa ta NYSC, wadda aka kafa a 1973, a wannan sashe suke saka shekarar hidimarsu da wurin da aka tura su.

Na biyar, ƙwarewa. Harsunan da kake ji, manhajojin kwamfuta da ka iya kamar Word da Excel, lasisin tuƙi idan kana da shi, sana'ar hannu. Ka rubuta abin da za ka iya yi a gaban mutane idan aka ce bismilla. Idan ka ce ka iya Excel, ana iya ajiye maka kwamfuta a wurin ganawa a ce ka haɗa jimlar wani jeri.

Na shida, masu ba da shaida a kanka, mutum 2 ko 3. Shugaban makaranta, malamin da ya koyar da kai, ko wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ba a saka uba, kawu ko aboki, domin kowa ya san ba za su faɗi aibinka ba. Kuma ka nemi izininsu tukuna. Abin kunya ne a kira malami a waya a tambaye shi game da kai, ya ce bai tuna sunan ba.

Idan Ban Taɓa Aiki Ba Fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun masu fita daga sakandare. Aiki ba sai wanda ake biyan albashi ba. Idan ka riƙe shugabancin ɗalibai, ko kula da ɗakin karatu, ko kula da lafiya da tsabta, ka rubuta. Idan kana cikin ƙungiyar muhawara, ƙungiyar kimiyya, ƙungiyar Red Cross ko wannan ƙungiya tamu ta 'yan jarida, ka rubuta abin da ka yi a ciki. Koyar da ƙananan yara karatu da yamma a unguwa aiki ne. Koyon ɗinki, gyaran waya ko walda a lokacin hutu aiki ne. 'Yar uwar da ke sarrafa kuɗin adashen mahaifiyarta ko cinikin abincin gidansu ta san lissafi da mu'amala da mutane, kuma tana da damar faɗin haka cikin mutunci.

Dabarar ita ce a nuna abin da aka yi, a bar mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Maimakon "ina da iya shugabanci", rubuta: "Na jagoranci ɗalibai 12 wajen fitar da mujallar bango kowane mako 2 na tsawon zango 3." Adadin ya zama na gaskiya, wanda malamin ƙungiya zai iya tabbatarwa.

Ga Masu Son Aikin Lafiya

Da yawa daga cikinmu 'yan ajin kimiyya suna burin shiga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ko kwalejin fasahar lafiya, ko karatun likita da harhaɗa magunguna a jami'a. Shiga makarantar jinya na buƙatar kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Wanda ya yi wasa da ɗaya daga cikinsu ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin a kai ga maganar CV.

Takardar mai neman aikin lafiya ta bambanta da ta sauran ayyuka ta fuska ɗaya babba: lasisi. A nan rayukan mutane ake riƙewa, don haka doka ba ta yarda kowa ya taɓa majinyaci ba sai wanda hukumar da ke kula da sana'arsa ta yi wa rajista. Likitoci da likitocin haƙori suna ƙarƙashin MDCN, kuma duk shekara suke sabunta lasisinsu. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna ƙarƙashin NMCN. Masu harhaɗa magunguna suna ƙarƙashin PCN, masu gwajin jini da sauran gwaje-gwaje a ɗakin bincike kuma MLSCN. Ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda muka sani da CHEW masu karatun shekara 3 da JCHEW masu karatun shekara 2, su ma suna da hukumar rajistarsu ta ƙasa. A CV ta aikin lafiya, sashen rajista da lasisi yana zuwa kusa da sama, kafin tarihin aiki. A faɗi hukumar da ta ba da shi, lambar rajista da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Idan an rubuta jarrabawar hukumar ana jiran sakamako, a faɗi haka ƙarara. Kada a rubuta "mai lasisi" alhali lasisin bai fito ba.

Sabon wanda ya kammala karatu yakan ɗauka ba shi da abin rubutawa a sashen aiki. Yana da shi. Duk makarantun lafiya suna tura ɗalibai asibitoci da cibiyoyin lafiya na matakin farko domin koyon aiki a aikace. A jera su: wane asibiti, wane sashe, tsawon wane lokaci, me aka yi. Sashen haihuwa, sashen yara, ɗakin agajin gaggawa, awon ciki, rigakafi. A ambaci abin da hannu ya iya, kamar auna hawan jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanke ciwo da ɗaure shi, cika katin rigakafin yaro, ko wayar da kan iyaye mata kan haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Wajibi ne a bambanta abin da mutum ya yi da kansa da abin da ya yi ƙarƙashin kulawar babba, da kuma abin da ya tsaya ya kalla kawai. Wanda ya ce ya iya karɓar haihuwa alhali kallo ya yi, ranar da aka bar shi shi kaɗai da mai naƙuda cikin dare, uwa da jariri ne za su biya kuɗin ƙaryarsa.

Aikin sa kai ma yana da daraja a wannan fanni. Waɗanda suka taɓa shiga zagayen rigakafin shan-inna gida-gida, rabon gidan sauro ko gangamin ba da jini su rubuta shi da shekararsa da unguwar da suka yi. Irin wannan aiki na dubban mutane ne ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agustan 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe a nahiyar da ta yi fama da ita.

Harshe ma jari ne. Majinyaciyar da ta zo daga ƙauye ba za ta iya bayyana ciwonta da Turanci ba. Ma'aikacin da ke jin Hausa, Fulatanci, Kanuri ko Nupanci yana da abin da wani ba shi da shi, don haka kada ya raina saka su.

Gargaɗi na ƙarshe a wannan sashe shi ne sirrin majinyaci. Ba a saka sunan majinyaci, hotonsa ko labarin da za a gane shi da shi a CV, ko a faɗe shi a wurin ganawa. Wanda ya yi haka ya nuna wa masu ɗaukar aikin cewa ba za a iya ba shi amana ba.

Kura-kuran Da Ke Kashe Takarda

Babba a cikinsu ita ce ƙarya: ƙara maki, ƙirƙiro wurin aiki, rage shekaru, ko gabatar da takardar shaida ta jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana iya duba sakamakon WAEC da NECO ta intanet, hukumomin lafiya kuma suna riƙe da rajistar membobinsu. Takardar jabu laifi ce a doka, tana iya jawo kora ko da bayan shekaru ne da samun aikin, har ma da gurfana a kotu.

Sai kuskuren rubutu. Takardar da sunan makarantarka ya fito a karkace tana cewa mai ita ba ya duba aikinsa. A aikin da ake rubuta adadin magani, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ka karanta ta da ƙarfi, sannan ka ba mutum biyu su duba maka.

Sai tsawo. Ga mai fara neman aiki shafi 1 ya isa, iyaka 2. Sai kuma aika takarda iri ɗaya ko'ina. Ka karanta sanarwar aikin da kyau, ka ja layi ƙarƙashin abin da suke nema, ka fito da abin da ya dace da shi zuwa sama. Wasu manyan ƙungiyoyi ma manhajar kwamfuta ce ke fara tace takardun ta hanyar neman kalmomin da ke cikin sanarwar, kafin mutum ya gani.

Akwai kuma al'adar zuwa shagon kwamfuta a ce wa mai shago ya ɗauko CV ɗin wani ya canza suna. Ta haka ne ake samun namiji da takardar da ke cewa ya yi aikin ungozoma, ko lambar wayar wani ta zauna a takardarka. Ka rubuta taka da hannu tukuna, ka tsaya a kan mai bugawa har ya gama, ka karanta kafin ka biya.

Tsari Da Aikawa

Farar takarda, baƙin rubutu, salon haruffa ɗaya mai sauƙin karantawa, girman 11 ko 12. Babu buƙatar furanni ko launuka. Hoto sai idan an nema. Idan ta imel za a aika, a mayar da ita PDF domin kada tsarinta ya wargaje a wayar wani, a kuma sa wa fayil ɗin sunanka. Idan da hannu za a kai, a sa ta a ambulan ba tare da an ninke ta gida huɗu ba. A haɗa da kwafin takardun shaida, na asali kuma su zauna a gida sai ranar tantancewa.

Yawanci ana haɗa CV da gajeriyar wasiƙar neman aiki, wadda muka koya a darasin Turanci. Wasiƙar tana faɗin aikin da kake nema, inda ka ga sanarwar, da dalilin da ya sa ka dace da shi. Kada ta wuce shafi guda, kada kuma ta zama roƙo ko jerin matsalolin gida.

A kula da 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka turo CV tare da kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, ko ya nemi lambar sirrin katin bankinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ba aiki zai ba ka ba. Lambar asusun banki da BVN ba sa shiga CV. Ka tabbatar da kowace sanarwa a shafin ma'aikatar na hukuma ko a ofishinta kafin ka aika komai.

Abin Da Za Mu Yi A Wannan Zango

Kowa ya nemi fayil guda ya tara takardar haihuwa, shaidar kammala firamare, sakamakon jarrabawar ƙaramar sakandare, takardar NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma da duk wata takardar yabo ko shaidar halartar horo. Ya ɗauki hotonsu ya adana a imel ɗinsa saboda gobara, ruwa ko gara. Sannan ya ɗauki takarda ya gwada rubuta CV ɗinsa ta farko bisa sassan nan 6. Sashen da ya fito wayam shi ne ke nuna maka abin da ya kamata ka yi a hutu mai zuwa.

Muna kuma roƙon malamanmu, musamman na Turanci da mai ba da shawara kan zaɓen sana'a, da su ware ko da darasi ɗaya a duba waɗannan gwaje-gwaje, su kuma riƙa ba shugabannin ɗalibai da 'yan ƙungiyoyi rubutacciyar shaida kafin su bar makaranta. Bayan shekara 5 malami na iya samun canjin wurin aiki, amma takardar da ya sa wa hannu tana nan a fayil ɗin ɗalibinsa.